Turken da Nim Mai da Ƙarƙashin Gawo

Ku yaran yanzu, da kun ga maso ya watsa siminti ya ɗora bulo, sai ku ce ai ko akuya anka ba turuwal, cokalin magina, ta yi gini. To ku kawo akuyar mu gani. Ni Tankari na yi shekara talatin da ɗoriya ina wanga aiki, daga Dogon Dutsi har Tibiri babu ƙauyen da bai ci hwatar hannuna ba. Na gina masallaci, na gina shago, na gina ɗakin amarya wanda yah hi auren daɗewa. Amma abin da yas so shi kashe ni da raina bulo tara ne. Tara kacal. Ku zuba min shayin ga, ban da kumhwa, ku ji.

Wurin Baba Gado nik koyi aiki, wani tsohon magini na wajen Kiéché, mutum mai ido ɗaya wanda shike hango karkatar bango tun daga bayan gari. Shekara uku ina hannunai ban taɓa turuwal ba. Kwaɓa, ɗebo ruwa bisa jaki, tankaɗe yashi, kwaɓa kuma. In na miƙa hannu wajen nibo, ƙarhen nan mai ɗigon ruwa a ciki da ake auna daidaiton bango, sai shi buge min yatsu da igiya, shi ce nibo ba shi son hannun mai gaggawa. Kayan aikinai duka cikin buhu guda suke: turuwal biyu, nibo, ekar ta kusurwa, igiya, da wani dunƙulen ƙarhe da shike ratayawa don shi ga ko bango na tsaye ko shina sallah. Abu biyu yac cusa min a kai da duka. Na ɗaya: kahin ka tambayi mai gida inda shike son ɗaki, tambayi ruwa inda shike son wucewa. Da an yi ruwan hwari sai shi ja ni mu bi gari muna duban ƙasa awa masu neman allura, shina nuna min layin kashin awaki da karmami da ruwa yab bari, shi ce wanga shi ne sa hannun ruwa, kuma ba shi canza shi don wani alhaji. Na biyu: kada ka taɓa cire alama ba ka bar alama ba. Na hwarkon na yi wasa da shi. Na biyun shi yac cece ni.

Shekarar da gero yaƙ ƙi, ita ta kai ni ga sana'ar da za ni ba ku labari. Mai jin yunwa ba shi shahe. Bango na tsagewa a gabanai sai shi ce ai iska na shigowa da daɗi. Wata biyar ban ɗora bulo ba. Na sai da burweti, baron tura yashi, na sai da pel guda, wato shebur, saura kaɗan in dahwa nibo in sha romo. Rannan ina zamne ƙohwar gida sai ga sakataren meri, ohishin magajin gari, bisa moto. Ba ni hwaɗa muku sunan kwamin ɗin, wato ƙaramar hukumar, ba, kun san bakina da tsawo amma wuyana gajere ne. Yac ce, "Maso, jibi magajin gari za shi aza dutsen hwarko na sabuwar tasha. Ka iya?"

Nic ce, "Sakatare, ko na ƙarshe ne na iya."

To ku buɗe kunne, don dutsen hwarko ilimi ne. Bulo tara kake jerawa, hawa uku, awa ɗan murhu, ka bar gurbi guda a sama inda babban mutum za shi ɗora na goma. Kwaɓin biki dabam shike da kwaɓin gini. Yashi da yawa, siminti ɗan barbaɗe awa gishirin miya, ruwa shi yi laushi, don kada mai girma shi yi nishi gaban jama'a, kuma in ya ɗiga bisa shadda shi hita da wanki ɗaya. Sai turuwal na biki. Nawa na shahe shi da hentin zinariya, na ɗaura mashi kyalle a mariƙi, bai taɓa ganin aikin gaske ba, ɗan gata ne. Amma duk waɗanga ƙanana ne. Babban sirrin shi ne inuwa.

Kun gani, jometir, mai auna hili, shi daga Doso shike zowa. Shi kahwa turken ƙarhe inda takarda tac ce, shi shiga mota shi koma. Takarda kuwa ba ta san rana ba. Kullum turken nan tsakiyar hwaƙo shike, inda ko ƙadangare sai ya ɗaga ƙahwa. Wa za shi zamnar da wakilin sarki da hajiyoyi da makaɗa nan har awa uku? Sai in tahi da sassahe, in girgiza turken in cire, in kai shi gindin itacen da yah hi kusa, in jera bulona nan. Kowa shi sha inuwa, a yi hoto, a ce Tankari ya iya shirya wuri. Karon hwarko na ji tsoro, na yi wata guda ina jiran jandarma. Ba wanda yaz zo. Tashar ma ba ta zo ba. Da sati biyu ya cika nit tahi da amalanke nik kwashe bulona, tunda kwaɓin biki ko da tari kake iya ɓamɓare shi.

Bulon nan tara, ku yi musu ladabi in kun gan su. Sun zama tasha. Sun zama mahauta. Sun zama ɗakin haihuwa sau biyu, sun zama hilin ƙwallo, sun zama gidan matasa mai ordinater, wato kwamfuta. Magajin gari huɗu sunka ɗora hannu bisa su. Kowane in ya hau shina da abin da suke ce ma piriyorite, wato abin da za shi sa gaba, kuma kowane goma shike lissahwawa, yatsun hannu duka, wani har shi dubi na ƙahwa. Ni dai in na ji ana lissahi a lasifika sai in ce ma matata ta ɗora tukunya, bulo za su hita yawo.

Sai anka zaɓi Madam ta zama magajin gari. Tsohuwar darektiris ta lakkwal ce, wato shugabar makarantar boko, gajera, mai gilashi bisa karan hanci, rabin kwanseyen meri, 'yan majalisar gari, ta taɓa sa su durƙuso. Ranar kasuwa tat tsaya bisa benci, ba makaɗi ba maroƙi, taɗ ɗaga yatsa uku. Tac ce na ɗaya magazan, ɗakin ajiyar hatsi, a sayi gero da kaka a aje, a hiddo ma talakawa da rahusa lokacin da rumbu yay yi kuka. Na biyu gota, a ba ruwan da ke cin tsakiyar kasuwa hanya. Na uku azuzuwan zana a mai da su na bulo. Tac ce saura duk su jira, gari ba shi girma da baki, da ciki shike hwarawa. Tas sauka.

Jama'a na tahi, ni ban tahwa ba. Nic ce ma na kusa da ni, mai lissahin goma maƙaryacin gida ne, mun san shi mun san maganinai. Amma mai lissahin uku, wannan ya yi karatun abin har waje. Kuma mi yas sa hatsi ne na ɗaya? Ku bincika, ko dai mijin ƙanwarta na sai da buhu, ko wani nata na da mota mai ɗaukar kaya. Na bincika kuwa. Mijin ƙanwar tela ne. Wannan ma bai kwantar min da hankali ba, nic ce to wa ke ɗinka bakin buhu?

Cikin bazara anka sa ranar dutsen hwarko na magazan. Jometir ya kahwa turkenai bisa wani tudun tsakuwa gabas da kasuwa, wurin da rana ke zama ta ci abinci. Taku sittin ƙasa da shi akwai wani ƙaton gawo, ganye shar, inuwa awa ɗakin likita. Na cire turke, na dunƙule duwatsu uku bisa ramin don hannuna ya saba tun zamanin Baba Gado, na gangara. Ina cikin buga turken gindin gawo sai nij ji an ce, "Ba'are, mi kake shukawa da rani?"

Altine ne, wani tsohon Bahillace mai kiwo nan bayan gari, taubashina, tunda mu Arawa da Hillani ba mu gaisawa sai da zagi. Ya jingina da sanda, shanunai na tsintar 'ya'yan gawo.

Nic ce, "Ƙarhe nike shukawa, bawana, in ya yi 'ya'ya in saya maka wando."

Yac ce, "Shuka da kyau. Wurin na da ruwa."

Na san da ruwa. Gawo ba shi tsayawa inda ruwa ba shi bi, kuma ga layin karmamin bara nan maƙale a jikin itacen, daidai ƙuguna. Amma mi ya dame ni? Sati biyu ne bulona su koma gida.

Madam taz zo a ƙahwa da lema. Tad dubi gawo, tad dubi tudu, tad dube ni ta saman gilashi. Tac ce, "Maso, nan ne wurin?"

Nic ce, "Nan ne, Madam. Ga turken jometir da kainai."

Tas sa yatsa cikin kwaɓina tam murza. "Wanga siminti ne ko kunu?"

"Na biki ne, Madam, don kada shi ɓata muku zane."

Taɗ ɗora bulon, jawabin bai kai tsawon alwala ba, anka watse. Har wakilin sarki ya ji haushi, bai gama gyara zama ba.

Da sati biyu ya cika na ɗauro jaki na taho ɗaukar kayana. Tun daga nesa nij ji ƙugin mota. Tipa ce tana zubda tsakuwa. Ga wani ɗan kwangila baƙo da hular roba, ga shef ɗin shantiye, wato mai kula da wurin aikin, shina ja da igiya, kuma igiyar nan daga ina tat tashi? Daga turkena. Ya mai da shi kusurwar gini. Sun zuba hwarar ƙasa sun zana magazan ɗin nan tsab, tsakiyar hanyar ruwa, ƙohwa tana kallon inda gebe, ambaliyar damina, ke gangarowa awa mai jiran baƙo. Jakina ma sai da yat tsaya.

Shef yac ce, "Kai ne mason garin? An ce min ka san wurin. Zo ka kama aiki."

Ga inda nike tsaye: in na yi shiru, geron gari duka za shi kwana cikin ruwa. In na yi magana, na tona ma kaina asirin shekara da shekaru, gaban meri, gaban gari, kuma maso da anka san shi da matsar da alama ko kewayen akuya ba a ƙara ba shi. Sai nim miƙa hannu nik karɓi diga.

Kwana uku ina tonon tushe ina ba kaina haƙuri. Nic ce ai tona rami ma salo ne, sabon salo, za su tona su yi hoto su gudu, mu samu wurin zuba shara. Rana ta biyu ƙarhen gini yaz zo, nic ce haya sunka yi. Rana ta uku siminti yaz zo, mota cike, anka sauke anka ruhe da tanti. Na je na soka yatsa cikin buhu guda don in tabbata ba toka ba ce. Siminti ne, har shina ƙuna.

Altine kullum da hantsi shina nan bisa sanda. Rannan yac ce, "Ba'are, Allah shi saka. Tunda nike ban taɓa ganin meri ta gina ma shanu wurin shan ruwa mai ruhin kwano ba."

Nic ce, "Rage murya, tsohon banza."

"In rage don wa? Ni ba ni hwaɗa musu. Wa ke sauraren mai shanu gaban mai hular roba? Amma ka sani, bara nan wurin da kake tsaye maraƙina yay yi iyo. Kuma geron da za a zuba, har da wanda matarka za ta zo saye da kwano."

Sai nij jawo dabara. Na samu lebura ina ce musu, ƙasa ƙasa, gawon ga hwa na da doguwa, ba ta son a tona mata gindi, wanda yay yi bara bakinai ya koma wajen kunne. Nic ce gara a matsa da ginin can bisa tudu. Kahin azahar lebura huɗu sun aje diga, ɗaya ya ce ya ji ana kiran sunanai cikin rami. Shef ya buga waya. Ba a jima ba sai ga lema tahe.

Madam tat tsaya bakin ramin. Tac ce, "Wa yag ga doguwa?"

Duk sunka juyo gare ni, 'yan albarka.

Tac ce, "Maso Tankari, ranar biki mutum nawa sunka zamna ƙarƙashin itacen ga, ana ta surutu, doguwar ba ta ce uhum ba. Yau tat tashi daga barci? Ni 'yar garin ga ce, kakata 'yar bori ce, na san itacen da ake tsoro, wanga ba shi ciki. Gobe da sahe za a zuba kankare. In akwai magana, yanzu ne. In babu, kowa shi ɗau diga."

Kun san kankare in ya shiga rami, ko uwarka ce a ƙasa sai dai ka yi mata addu'a. Na dubi layin karmami jikin gawo. Na dubi Altine, munahukin ya juya baya wai shina ƙirga shanu. Na hito daga ramin, na cire hula.

Nic ce, "Madam, doguwar ni ce."

"Ina jin ka."

"Turken ga ba nan jometir yas sa shi ba. Can bisa tudu shike. Ni nid dawo da shi don inuwa. Nan hanyar ruwa ce, da damina har ƙugu."

Shef yay yi wani Faransanci wanda ko a bariki ban taɓa ji ba. Madam ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya hi min sauƙi. Tac ce, "Sau nawa?"

"Sau nawa mi, Madam?"

"Sau nawa kac cire turke?"

Nic ce, "Madam, tun tasha."

"Wace tasha?"

"To ai kun gani."

Wani lebura yah hwashe da dariya, saura sunka kama. Ita ko murmushi babu. Tac ce, "Cire shi. Ka kai shi inda kas same shi. In ba ka gane ramin ba, ni da kai da jandarma ne."

Na saɓa turken a kahwaɗa na hau tudu, tsakar rana, lebura na biye, Madam da lema, matan kasuwa sun bar tumatir sun taho kallo. Ina tahiya ina kiran sunan Baba Gado a ciki. Ga tsakuwa ko'ina iri ɗaya. Na yi gabas, na yi arewa. Can sai ga su: duwatsu uku a dunƙule, akuya ma ba ta taɓa su ba. Na ɗaga, ga rami. Turken ya shiga awa ƙahwa cikin tsohon takalmi. Jometir da anka kira daga Doso ya kahwa na'uratai mai ƙahwa uku, ya leƙa, ya ce daidai ne.

Hukuncina, ramin kwana uku na mutum goma da ɗoriya, ni kaɗai nic cike shi da pel. Kwana shida. Yara na wucewa suna "Sannu Mai Inuwa," sunan da yab bi ni har yau, har jikokina ana ce musu na gidan Mai Inuwa. Wata uku ba wanda yak kira ni ko toshe ramin ɓera. Sana'ar dutsen hwarko kuwa ta mutu a hannuna, don Madam ta ce ba a ƙara kiran makaɗa sai ranar buɗe ƙohwa. Bulona tara ta hana ni ɗauka. Tac ce a bar su nan gindin gawo, tana son ta ga abu. Turuwal na zinariya yanzu matata ke kwashe toka da shi.

Kada ku ce na ce muku waliyyiya ce. Gota ta kasuwa rabi anka yi, ruwan ya samu rabin hanya, rabin kuma shina bi ta shagon mai gishiri. Azuzuwan zana wasu sun zama bulo, wasu har yau akuya na cin bangonsu. Kuma ni har gobe ina zargin matar nan ta san komi tun ranar da tam murza kwaɓina. 'Yar garin ce, ƙaƙa za a yi ba ta san gebe ba? Na taɓa tare ta na tambaya, tac ce ita takarda tab bi. Ban yarda ba. Wadda tay yi shekara talatin tana jiran ɗan da yay yi tusa cikin aji shi ɗaga hannu da kainai, ba ta gaza jiran tsohon maso kwana uku.

Magazan dai ya tashi bisa tudu. Daga baya shef ya huce ya ɗauke ni shahen ciki, da kwaɓin gaske. Tsakiyar damina, wata la'asar, ana cikin auna ma mata gero, hadari yat taso daga gabas. Duk munka ruga ƙarƙashin barandar magazan, har da Altine da warin nononai. Ba a yi rabin awa ba gebe yag gangaro, ja wur, da kara da tsumma da wata kaza. Ya daki gawo ya rabu biyu. Bulona tara sun yi tsaye awa na minti guda, don mutunci. Sai na sama yat tahi, sai tasha, sai mahauta, sai ɗakin haihuwa duka biyun.

Altine yad dahwa min kahwaɗa yac ce, "Ba'are, ga gidan matasa can za shi Kabi ba takarda."

Bayanmu kuwa buhunan gero na jere, a bushe, ko ɗigo.

Don haka in wani ya hau benci gobe ya ɗaga muku yatsu, uku ne ko goma, kada ku dubi bakinai. Ku bari a watse, ku je ku dubi turke. In kun same shi cikin inuwa, ku koma ku sha shayinku. In kun same shi tsakiyar rana, ba kujera ba makaɗi, to ku nemi diga, wataƙila da gaske ake. Wataƙila nic ce.